Ƙirjin Mudi Mai Rijiya

Duk wanda ya sake gaya mini cewa aljanun rijiya ne suka riƙe yayana Mudi, wallahi sai na ci masa mutunci, ko da rawani a kansa. Na gaji da jin wannan maganar. Sunana Firdausi, ni ce ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, na yi aikin jinya a Malumfashi har furfura ta fara fito mini, kuma na san abin da ya kashe shi. Babu wani aljani. Wasu 'yan ƙwayoyi ne guda biyu a wuyansa, da taurin kansa, da bakin mutanen garinmu.

A Ƙarfi aka haife mu. Babanmu manomi ne na masara da dawa, kuma ya so Mudi ya gaje shi, amma Mudi bai taɓa son fartanya ba. Tun yana saurayi ya liƙe wa wani Bamaguje mai suna Nomau, wanda ke zaune a wata unguwa bayan gari, sana'arsa haƙar rijiya da yasarta. Baba ya yi faɗa har ya gaji. Ya ce ɗansa ba zai ƙare a rami ba tun kafin ajalinsa. Mudi ya yi kamar ya ji, da gari ya waye ya ɗauki dagi ya bi Nomau.

Abu biyu ya koyo a hannun tsohon nan waɗanda ya riƙe fiye da karatun allonsa. Na farko shi ne sauraren ƙirji. Tsohuwar rijiya, musamman wadda ta daɗe a rufe, tana tara mugunyar iska a ƙasanta, ba ta wari, ba ta launi. Sababbin shiga sukan zura fitila a igiya su ga ko za ta mutu. Nomau kuwa raina wannan yake yi. Shi a wurinsa gwani da kansa yake sauka a hankali, yana tsayawa yana jin jikinsa, da zarar numfashi ya fara sauri ba gaira ba dalili, jijiyar wuya ta fara harbawa, sai ya fito. Daga nan a yanko reshen bedi mai ganye a ɗaure a igiya, a yi ta zura shi ana jawowa har iskar ta sauya.

Na biyu shi ne dokar igiya. Mai sauka yana ɗaure da igiya a ƙugu, na sama yana riƙe. Ba a jan na ƙasa sai shi ya girgiza igiyar da hannunsa. Dokar tana da dalili, don mutum yana iya kasancewa a sunkuye ƙarƙashin dutse, ko ƙafarsa na cikin tsaga, in ka fizge shi sai ka karya shi ko ka rufto masa da gefen rijiyar. Amma a wurin su ta wuce dalili, ta zama girma. Ka ja maigida bai nema ba, ka ce masa bai san aikinsa ba ke nan a gaban jama'a.

Wanda ya riƙe wa Mudi igiya tsawon rayuwarsa shi ne Isyaku, sa'ansa, mutum mai sanyin hali wanda ko akuya ba ya iya yi wa tsawa. Sau ɗaya tak Isyaku ya karya dokar. A Dandume ne, suna yasar rijiyar wani masallaci, ya ji shiru ya yi yawa, hankalinsa ya tashi, ya ja. Kan Mudi ya bugi dutse. Yana fitowa, jini na bin goshinsa, ya kwaɗa wa Isyaku mari a gaban liman da kowa da kowa. Isyaku ya sunkuya ya naɗe igiya. Daga ranar bai sake ja ba sai ya ji girgiza.

Kuma ba zan ɓoye ba, Mudi gwani ne. Daga Bakori har Dandume, in rijiya ta gagara, shi ake zuwa ɗauka a babur. Mutane suka daina cewa a gwada rijiya, sai dai su ce a kira Mudi ya ɗanɗana ta. Shi ma abin ya shiga kansa. Yakan bugi ƙirji ya ce, "Wannan bai taɓa yi mini ƙarya ba." Ni kuwa, da na fara karatun jinya, sai ya laƙaba mini Likita don tsokana. In na shigo gida sai ya ce, "Kulu, shimfiɗa tabarma, Likita ta zo ta hana mu cin gishiri." Kulu matarsa ce, mace mai haƙuri, ta fi ni haƙuri nesa ba kusa ba.

Kulu ce ta fara lura da ƙullutun. Ya fito a gefen wuyansa na dama, ƙasan muƙamuƙi, ba ciwo, ba zafi, yana girma a hankali. Mutane suka ce maƙoƙo ne. Ya je wurin wanzami, wanzamin ya ɗora yatsa ya ji abin yana bugawa tare da zuciya, ya janye hannunsa ya ce shi ba zai sa aska a nan ba. Allah ya saka wa wannan wanzami da alheri, da ya tsaga, a shagonsa Mudi zai ƙare. Kafin in ci ƙarfinsa in kai shi babban asibiti a Zariya, wani ƙullutun ya fara tasowa a hagu, haɗiyar tuwo ta fara yi masa wuya, muryarsa ta dushe.

Likitan da ya duba shi mutumin kirki ne, bai ɓoye mana kome ba. Ya ce ƙari ne, kuma ya tsiro ne daga wata 'yar ƙwaya da kowa yake da ita, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai inda babbar jijiyar jinin wuya ta rabu biyu. Sunanta ƙwayar karotid. A mai lafiya ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ce dole a cire duka biyun, ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba za su shaƙe shi. Da ya tambayi sana'ar Mudi aka gaya masa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube shi. Ya ce, "Malam Mudi, bayan aikin nan kai da rijiya har abada."

Mudi ya yi murmushi irin na wanda ya ji maganar yara. A mota, muna dawowa, ya ce, "Likita, fassara mini abin da ɗan'uwanki ya ce. Me ya haɗa wuyana da rijiya?"

Na kama hannunsa na ɗora yatsunsa a kan ƙullutun. Na ce, "Yaya, abin da kake kira ƙirjinka, ba ƙirji ba ne, wannan ne. Duk jinin da zai hau kanka sai ya bi ta nan, ƙwayar nan tana ɗanɗana shi ta ji ko akwai isasshiyar oksijin, wato iskar da ke raya mu. Ka ɗauke ta kamar karen gadi. Jiki yana yin wani sinadari, ana ce masa naitirik oksaid, shi ne kamar hannun da ke dafe da kan karen yana cewa kwanta, lafiya lau. To shi wannan sinadarin, ba ya samuwa sai da oksijin. In ka sauka inda oksijin ta yi ƙaranci, sai yinsa ya ragu, hannun ya ɗaga, karen ya miƙe ya yi ta haushi. Haushin ne ke kai wa ƙwaƙwalwa labari, ita kuma ta sa ka haki, zuciyarka ta yi sauri, ka ce mugunyar iska. Akwai wasu sinadaran da ke taya shi, masana ma ba su gama gano su ba, amma dai wannan ƙwayar ce mai kai ƙara."

Ya ce, "To yanzu karen za su yanka ke nan."

Na ce, "Duka biyun. Hannu zai ɗaga, babu mai haushi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi tunda yake bai taɓa kiwon kare ba, kuma ɓarawo bai taɓa shiga gidansa ba. Na ji kamar in buɗe ƙofar motar in tura shi waje.

Aka yi aikin farko, ya warke, aka yi na biyu. Ya sha wuya, jininsa ya yi ta hawa da sauka, muryar ba ta dawo daidai ba, amma ya tashi. Kuma da farko ya ji magana, ko ya yi kamar ya ji. Ya koma gonar Baba da ya guda tun yana yaro, ya shuka masara, yana tafe yana tsaki. Isyaku ya koma riƙe wa wani igiya, wani magidanci mai suna Awaisu wanda ya koyi aikin a hannun Mudi. Na saya wa Awaisu fitila da kaina, na ce ya riƙa zurawa kafin ya sauka. Ya karɓa yana godiya, ya rataye ta a zaure, don kada a ce almajirin Mudi yana gwada rijiya da fitila.

Sai bakin mutane ya fara aiki. Ka san garinmu, ba za su zage ka kai tsaye ba, da wasa za su cinye ka. A majalisar bakin kasuwa wani ya ce ashe a Zariya har zuciya suke cirewa ta wuya. Wani ya ce tun da ƙanwarsa ta yi boko ta ɗaure shi a turke. In ya wuce sai a ce, "Sarkin rijiya, yaya masara?" a kwashe da dariya. Waɗannan fa mutanen da suke shan ruwan da ya haƙo musu ne, da shi suke alwala, da shi matansu ke girki. Tir da halinsu, har gobe ban yafe ba.

Wata Juma'a na je gida na tarar da shi yana jirana da fara'a, kamar wanda ya ci shari'a. Ya ce, "Likita, zauna ki gani." Ya toshe hancinsa, ya rufe baki, ya riƙe numfashi har idanunsa suka yi ja, sannan ya saki yana huci. Ya ce, "Kin gani? Ya matse ni. Na ji shi sarai. Jiya ma na yi gudu daga gona, na yi haki kamar kowa. To me suka cire? Karenki yana nan da ransa."

Na san wannan gwajin zai ruɗe shi. Na ce, "Yaya, wannan wani mai gadin ne daban, a cikin ƙwaƙwalwa yake. Shi gurɓatacciyar iskar da jikinka ke tarawa yake ji in ka ƙi fitar da ita. Ba ruwansa da ƙarancin oksijin. A rijiya kana shaƙa kana fitarwa, babu abin da zai taru, shi ba zai ce kome ba. Za ka ji daɗi ma, kanka ya yi sakayau, har ka faɗi ba ka sani ba."

Ya ce, "Da can kare biyu, yanzu sun zama uku. Gobe za ki ce garke ne."

Na tashi na yi masa tas. Na ce masa ai ba jarumta ba ce, girman kai ne, kuma in ya mutu a rami waɗanda ke zuga shi shinkafar sadakarsa kawai za su ci su watse. Kulu tana riƙe ni tana cewa in yi haƙuri, yayana ne. Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Auta, ke kina da asibitinki, in kin shiga ana miƙewa. Ni fa? Abu ɗaya na iya a duniya." Rabon da ya kira ni Auta tun rasuwar Inna. Na ɗauki jakata na fita ina kuka.

Kafin in hau mota na biya gidan Isyaku. Na ce masa, "Malam Isyaku, don girman Allah, in ya taɓa sauka, kada ka jira girgiza. Ba zai girgiza ba, don ba zai ji kome ba. Da ka ji maganarsa ta sauya ko ya yi shiru, ka ja." Ya ce to, Hajiya, in sha Allahu. Yana faɗa yana shafa kuncinsa na hagu, bai ma san yana yi ba.

Da bazara ta tsananta, injin burtsatsen wani Alhaji Lawal ya lalace a babbar gonarsa da ke wajen Bakori, inda yake da shanu da ma'aikata. A gonar akwai tsohuwar rijiya mai zurfi da aka rufe da murfin siminti tun zamanin mahaifinsa. Maimakon ya gyara injin, sai ya ga ai buɗe rijiyar ya fi sauƙi. Aka kira Awaisu. Ya sauka bai kai rabi ba ya girgiza igiya, ya fito yana haki, ya ce iskar ba ta da kyau, a bar ta a buɗe a yi ta kaɗa ganye tukuna. Alhaji ya ce shanunsa ba za su jira ganye ba, kuma shi tsoro ya gani ba iska ba. Ya shiga motarsa da kansa har Ƙarfi, ya yi sallama a ƙofar Mudi.

Kulu ta ji duk abin da aka faɗa daga bayan zaure. Alhaji bai ce ya zo ya yi yasa ba, ina, ya fi haka wayo. Cewa ya yi, "Malam Mudi, ba aiki za ka yi ba. Ɗanɗana mana kawai za ka yi, ka raba gardama. Yaran yanzu ba su san bambancin iska da fargaba ba. Duk ƙasar nan ƙirjinka kaɗai na yarda da shi." Kulu ta ce da Mudi ya shigo ɗaukar tsohuwar igiyarsa, fuskarsa tana haske irin wanda ba ta gani ba tun kafin ciwon. Ta riƙe masa riga, ta ce ya tuna maganar likita. Ya ce sauka ce kawai da hawa, kafin azahar ya dawo, ta ajiye masa fura.

Ina kan aiki a ɗakin haihuwa da hantsi Kulu ta kira ni ta ce ya tafi. Na bar aikin a hannun abokiyar aikina, na tari babur. Kafin in isa gonar an riga an shimfiɗe shi a gindin bedi an lulluɓe. Na yaye mayafin. Babu rauni ko ɗaya, babu alamar ya yi kokawa, leɓensa ne kawai ya yi duhu. Wani tsoho a gefena yana cewa masha Allah, dubi fuskarsa, kamar mai barci, wannan kyakkyawan ƙarshe ne. Allah ne ya riƙe hannuna a ranar.

Bayan an ɗauke shi, Awaisu ya aika aka kawo fitila, ya kunna ya zura. Ba ta yi nisa ba ta mutu. Jama'ar da ke wurin suka ja da baya suna salati, suka ce aljanun ne suka hure ta, ga shaida kowa ya gani. Alhaji Lawal ya kawo buhun shinkafa wurin zaman makoki, ya ce kwana ne ya ƙare, ya sa aka mayar da murfin rijiyar. Kafin a yi sadakar bakwai an gyara masa injin, shanunsa suna shan ruwa.

Ba zan yi rantsuwa cewa da ƙwayoyin nan suna wuyansa da ya tsira ba. Masu lafiya ma rijiya tana cinye su. Amma Awaisu ya sauka ramin nan a safiyar ranar, jikinsa ya yi masa ƙara, ya fito, yau yana nan yana aurar da 'ya'yansa.

Isyaku ya ƙi haɗa ido da ni har aka watse. Sai da na je gidansa da kaina na same shi zaune a zaure, igiyar tana naɗe a gabansa. Ban gaishe shi ba. Na ce, "Na gaya maka ko ban gaya maka ba?"

Ya ce, "Kin gaya mini, Hajiya."

Na ce, "To me ka tsaya jira?"

Ya ce da Mudi ya ɗaura igiyar, ya dube shi a gaban Alhaji da ma'aikata ya ce, ka san doka. Ya sauka a hankali yadda ya saba, yana tsayawa yana saurare. Ya wuce inda Awaisu ya tsaya, ya ɗago kai ya yi masa tsiya, mutane suka yi dariya. Ya ci gaba yana magana, yana ba da labarin ginin rijiyar, yana yabon wanda ya haƙa ta. Sai maganar ta fara ja, kamar ta mai jin barci, amma da daɗi a cikinta, har da 'yar dariya. Isyaku ya ce hannunsa ya ƙulle a kan igiyar, zuciyarsa na cewa ja, Alhaji na cewa bar shi, gwani ne, yana dubawa. Da shirun ya zo, ya riƙe igiyar da hannu biyu, ya kafa mata ido, yana roƙon Allah ta motsa ko da kaɗan. Awaisu ne ya ture shi ya fizge ta.

Na ce, "Da ka ji muryarsa ta sauya fa? Ba ka kira shi ba?"

Ya ce, "Na kira, Hajiya. Na leƙa na ce, Maigida, in ja?"

Na ce, "Ya ce me?"

Isyaku ya share fuskarsa da hannun riga. Ya ce, "Cewa ya yi, kul ka taɓa igiyar nan. Ka gaya wa Likita iskar lafiya lau take, ko haki ba na yi."